Hannun Hagu a Gaban Sufeto

Sun ce ba za a taɓa zaunar da kurma a aji ɗaya da masu ji ba. Sun ce maganar hannu ba harshe ba ce, balle a ba wani takardar shaida a kanta. Malaman da muka yi horo tare ne suka faɗa, kuma ban manta fuskar ko ɗaya ba.

Ina hedimasta a wata firamare a Choggu, kusa da Tamale, tun gari bai kai can ba. Ɗalibai uku kurame gare ni, 'ya'yan makiyaya. Wata dattijuwa kurma mai kawo mana nono ce ta koya mini alamunta, ni kuma na shekara biyu ina koya wa wata matashiyar malama bayan la'asar. Burina a jarraba ta, a ba ta takardar tafinta, domin da takardar kaɗai ofishin ilimi zai bar ta tare da yaran.

Sufeton makarantu ya zo jarraba ta bayan bikin 'yancin kai, ba a ma cire tutocin takarda daga aji ba. Ya karanta lissafi da baki, malama ta mayar da hannu, yaran suka rubuta amsa a allo. Ba su kuskure ko ɗaya ba. Sai ƙaramarsu ta tambayi ko wane ne baƙon, malama ta nuna shi.

Da hagu ta nuna shi. Da hagu dattijuwar take magana, domin damanta na tallabe da ƙwaryar da ke kanta. Haka muka ɗauka daga gare ta, kuma ni da nake alfahari da sanin ladabi ban taɓa lura ba.

Sufeto ya rufe littafinsa.

"Malam, tarbiyyar da kake ba 'ya'yan mutane ke nan?"

Na yi bayani, na ba da haƙuri har bakin motarsa. Bai waiwayo ba. Kafin damina ta ƙare aka tura malama wata makaranta mai nisa, yaran suka koma bin shanu. Na rubuta wasiƙu har na yi ritaya, ba a amsa ba.

Yanzu yatsuna sun sandare, kuma babu wanda ya karɓi alamun a hannuna. Takarda ba za ta fito ba. Amma ina so a rubuta cewa a Tamale wata malama ta ci jarrabawar tafintar kurame, ranar Litinin ta farko bayan shida ga Maris, 1957.