Ceɗiyar Inna Bara'atu da Jemagunta

A unguwar Ƙofar Atiku, in ka tambayi gidan Inna Bara'atu ba ƙofa ake nuna maka ba, sama ake nuna maka. Ceɗiyarta ta fi kowane rufi a layin tsawo, rassanta cike da jemagu, sun rataye kai ƙasa kamar an shanya baƙaƙen tsummoki.

Shekara arba'in da ɗoriya ke nan da aka kawo ta gidan tana amarya, ta tarar da iccen da jemagunsa. Mahaifin mijinta ne ya dasa shi. Mijin ya rasu, 'ya'yanta mata uku kowace tana ɗakinta, aka bar ta ita da jemagu. Kullum rana ta ɗaga sai ta share kashinsu, ta shanya, ta zuba a buhu. Masu lambun bakin gulbi su zo su ɗauka su yi takin albasa, su aje mata kayan miya. Ita kanta ba ta iya tuna ranar da ta sayi albasa a kasuwa. Daga sharar nan ma take sanin abin da ya nuna a gari, ko dogon yaro ko mangwaro, tun kafin masu talla su sani.

A zamanin kakarta jemage abin dariya ne. Tatsuniyar da aka yi musu ita ce, tsuntsaye sun kore shi don yana da haƙora, dabbobi sun kore shi don yana da fiffike, sai ya yi fushi ya juya wa duniya ƙafafu. Yara su yi dariya su yi barci. Ba wanda ya taɓa jin tsoronsa.

Sai bara, Gazali ɗan maƙwabciyarta Hajara, mai sayar da cajar waya, ya ga bidiyon wani jemage na wata ƙasa can mai nisa yana lasar jini a ƙafar saniya. A makon nan kuma ragon layyarsa ya rame, ga jini a kunne. Shi ke nan aka haɗa biyu. Mutanen da suka yi rarrafe a inuwar iccen nan, su ne waya ta koya wa tsoronsa cikin kwana bakwai, ko kunya babu. Matan da ke zuwa tsinkar zogale a gindinsa suka ɗauke ƙafa. Har aka fara raɗa cewa wadda ke zaune da masu shan jini ita ma a duba ta. Tsohuwar da ta yi wa rabinsu wankan jego.

Ranar Alhamis bayan la'asar Malam Arzika, dattijon layin, ya yi sallama, Gazali na bayansa. Bayan gaisuwa ya ce an yi shawara, ranar Asabar mai injin yankan icce zai zo.

"Wa anka yi shawarar da shi?" in ji Inna. "Ni dai ban ga kowa ba."

Gazali ya miƙa mata waya. "Inna, ki duba da idonki."

Ta riƙe ta nesa da fuska, ta kalla har ƙarshe, ta mayar masa. "Wanga ɗan mitsitsi mai hancin alade? Wanga nasu na, can shi tsaya. Nawa fuskar kare ga su. Kai da nika cire ma ƙaya a gindin iccen ga, yaushe ɗaya ya taɓa cizon ka?"

"Zamani ya canza, Inna."

"Awo. Har da abincin jemage?"

Malam Arzika ya yi tari don ya ɓoye dariya, amma ya ce mutane sun tsorata, baki kawai ba zai kwantar da su ba. Inna ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta fito da farin zanen gadonta na saukar baƙi, wankakke gogagge, ta ɗora masa a hannu tare da makullin gidan.

"Malam, kai za ka shimfiɗa shi da hannunka ƙarƙashin iccen, ka rufe gida. Ni unguwar Minanata za ni kwana wurin ɗiyata, kar a ce na canza. Gobe da hantsi ku tara jama'a. Abin da kowa ya ci shi za shi kasayar. In kunka ga jini, ni za ni riƙe ma mai injin tsani."

Da hantsin Juma'a tsakar gidan ya cika. Zanen nan ya yi kaca-kaca, kore da ruwan ɗorawa, ga ƙwallayen dogon yaro birjik, ga tuƙar 'ya'yan icce da suka tsotse suka tofar. Inna ta tsuguna ta murje ɗaya a tafinta, ta kai wa Gazali har hanci. Ƙananan ƙwayoyin ceɗiya ne zalla.

"Ga jininka nan," ta ce. "Kawo ragon."

Aka jawo rago. Ta naɗe kunnensa, sai ga kaska sun yi jere sun ƙoshi kamar wake. Ta cire biyar tana jefawa a murhu.

"Mai shan jinin yana gidanku, kuna nemansa a nawa."

Gazali ya sunkuyar da kai ya ba ta haƙuri. Hajara ce ta yi ƙarfin hali ta faɗi abin da ya daɗe yana cin ta: reshen da ya tsallaka katangarta yana ɓata mata shanya. Inna ta ce wannan magana ce ta masu hankali, da ita aka kawo tun farko da ba a ɓata mata zane ba. Ranar Asabar mai injin ya zo, ya yanke reshe ɗaya, ya sha fura ya tafi.

Mata sun dawo inuwa da farantan zogalensu. Kwanan baya Inna tana ɗaure buhu ta jiyo Khaula, matar Gazali, ta bayan katanga tana yi wa 'ya'yanta tatsuniya. Wai an kai jemage gaban alƙali an ce ya sha jinin rago, sai wata tsohuwa mai jin yaren jemagu ta shimfiɗa farin zane mai tsawon gulbi.

"Ke Khaula," Inna ta ɗaga murya, "zanen gado na, kuma ban jin yaren kowa."

"To Inna, a haka yara sunka fi so."

Inna ta yi tsaki, tana murmushi. Can ta ji yaran sun fashe da dariya daidai wurin da jemage ya juya wa alƙali ƙafafu. Ta ja bakin buhun ta ƙulle, ta jingine shi a zaure, don mai lambu ya ce da azahar zai zo.