Manomin Inabi a Rumfar Giyar Sha'ir

A kasuwar Asabar ta garin Bra, wani tsoho yana tsaye gaban rumfar da ake sayar da giyar sha'ir, haɗin gida. Hularsa ta koɗe, yatsunsa sun rine da baƙin inabi har cikin farce. Ko ba a faɗa ba, na san a gonar inabi ya tsufa.

Mai rumfar, wata matashiya da ake kira Ottavia, ta zuba masa rabin kofi. Giyar ruwan zinare ce, da farin kumfa a kanta. Ya ɗaga ta ga rana, ya jujjuya kofin, ya shinshina, ya kurɓa, yana wasa da ita a baki yadda ake gwada giyar inabi. Sai ga shi yana waige-waige, kumatu a cike, yana neman bokitin tofarwa.

"Baba, haɗiye mana," in ji ta. "Wannan ba a tofar da ita. Daɗinta a maƙogwaro yake."

Sai yanzu na lura hancinsu iri ɗaya ne. 'Yarsa ce, ba ko shakka. Ina jin gonarsa ta bari ta kama wannan sana'a, kuma yau ne ya fara tako rumfarta.

Ya haɗiye. Ya lashi leɓe.

"Da kakanki na raye, da ya kore ki daga gida," in ji shi.

Ya miƙa mata kofin.

"Cika shi. Rabin kofi ai na baƙi ne."