Ustaz Shauƙi da Tukwanen Gas

A lungunmu na unguwar Imbaba babu wanda ya kai Ustaz Shauƙi iya sa kwat. Ni mai sayar da dafaffen wake ne a bakin lungun, kowa ta gabana yake wucewa, don haka na san abin da nake faɗi. Shan inna ya cinye masa ƙafafu tun yana yaro, da sanduna biyu yake tafiya, amma akawu ne a wani babban kantin magani a unguwar Dokki. Da wannan aikin ya raini 'yarsa Rabab shi kaɗai bayan rasuwar uwarta.

Aikin bai taɓa gagararsa ba, zuwa wurin aikin ne jidali. Direbobin ƙananan bas ɗinmu, Allah ya shirye su, ba tsayawa suke ba, rage gudu kawai suke yi mutum ya ɗafe. Da sun hango sanduna sai su ƙara wuta. Jirgin ƙarƙashin ƙasa kuwa matakalarsa kaɗai ta ishe shi. Tasi kullum? Albashin sai ya ƙare kafin wata ya raba. Na sha ganinsa tsaye a titi yana ɗaga hannu har waken tukunyata ya kai rabi, kunya ta hana ni haɗa ido da shi.

Bayyumi mai sayar da gas ne ya kawo mafita. Babur ɗinsa mai ƙafa uku kullum da safe yakan ratsa har Dokki da tukwane a baya.

"Ustaz, hau mana. Ai ba ka fi tukunya biyu nauyi ba."

"Ba na hawan kyauta."

"To ga sifana, ka riƙa buga min. Hannuna ya gaji da tuƙi da bugu."

Haka masu gas ke shela a garin nan: a buga ƙarfe a jikin tukunya, mata su leƙo ta baranda. Ustaz ya karɓi sifana bisa sharaɗi ɗaya: a ɗauke shi a bayan masallaci, a sauke shi nesa da kanti. Yakan ja hula ya rufe rabin fuska. A gida kuwa ya ce wa Rabab wani abokinsa mai mota ne ke rage masa hanya. Ni ma ya rantsar da ni kada in faɗa.

"Ta taso tana cewa babanta akawu ne. Bar ta a haka," in ji shi.

Ana nan sai wani saurayi, Wa'il, ya fito neman Rabab. Ranar da danginsa suka zo gaisuwa, Ustaz ya gayyace ni in zauna a matsayin ɗan'uwa. An kawo shayi, hira ta fara daɗi, amma uwar yaron, mace mai baki kamar reza, sai kallonsa take. Can ta tafa hannu.

"Wallahi na san fuskar nan! Ba kai ne mai buga tukunya a bayan Bayyumi ba? Ranar nan ma na ce ka rage ƙara, jikana na barci!"

Ba da mugunta ta faɗa ba, dariya ma take yi, abin da ya fi ciwo ke nan. Rabab na tsaye da faranti a hannu. Ustaz ya sunkuyar da kai, kunnuwansa suka yi ja, har baƙi suka tafi. Ni kaina na so ƙasa ta tsage in shige.

Washegari Bayyumi ya jira a bayan masallaci har ya gaji. Ustaz ya koma bakin titi yana ɗaga hannu, bas na wuce shi. Ya yi ta makara, har mai kanti ya ce idan aikin ya fi ƙarfinsa ya faɗa, akwai masu nema. Na yi masa magana, ya ce in kula da wakena.

Wata safiya ya fito, sai ga babur ɗin Bayyumi a ƙofar gidansu, a idon kowa. Rabab ce ta kira shi. Ta sauko da matashin zama ta ajiye tsakanin tukwane.

"Baba, hau, za ka makara."

"Ke ma sai kin ƙara min? Bai isa ba abin da kika ji a gaban mutane?"

"Abin da na ji? Baba, wa kake zaton yake kankare tsatsa a bayan kwat ɗinka kullum? Motar abokin naka ce ke da tsatsa?"

Ya waiga yana duban bayan kwat ɗinsa, ita kuma ta ci gaba.

"Tun farko na sani. Na yi shiru ne don na ga kana so in yi shiru."

Bayyumi ya kau da kai yana gyara igiya, ni kuma na hau juya waken da ba ya bukatar juyi. Ustaz ya miƙa mata sandunan, ya ja jiki ya hau, hawaye na zuba a kan kwat ɗin. Ya kai hannu zai ja hula kamar yadda ya saba, ta cire ta ta riƙe, ta sa masa sifana a hannu.