Sitikun Mama a Goshin Mashin Ɗina

Da gumina na sayi mashin ɗin nan, ɗan roba-roba fari fat, amma ko mako bai yi a gidanmu na Narayi ba Mama ta mai da shi allon sanarwar coci. Na fito da safe zan tafi aiki na tarar da sitika a goshinsa, daidai ƙarƙashin fitila: kurciya da ganye a baki, da aya a ƙasa. An manna ta a karkace, har da kumburin iska a tsakiya.

"Mama, wa ya manna wannan?"

"Ni ce. Za ki hau abu mai ƙafa biyu ki shiga tsakanin tirela da tirela, babu komai a jikinsa?"

A wani shagon magani nake aiki a ƙetaren kogi, kullum sau biyu nake haye gada. Wanda ya girma a garin nan ya san akwai ranakun tashin hankali da ba ka son a karanta addininka tun daga nesa. Ni burina in sa hular kwano in wuce, mace ce kawai za ta wurin aiki, ba wanda ya san inda take sujada. Mama ma gadar nan take tsoro, sai dai maganinta ya yi hannun riga da nawa.

Sitiku suka yi ta haihuwa. Ta zumuntar mata, ta godiyar kaka, ta sabuwar shekara, sannan wata daga jana'izar wani dattijo da ban taɓa gani da ransa ba, ga shi nan da tabarau yana taya ni kallon hanya. Ranar da na ga ɗaya a kan madubin hagu raina ya ɓaci sosai. Da me zan ga motar da ke bayana? Na sa farce na kankare ta a gaban Mama.

Kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba. In na dafa abinci ta ce ta ƙoshi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne benci da ta jawo ƙofar gida. Tun daga la'asar take zama a kai, da ciwon gwiwarta, ba ta tashi sai ta ji ƙarar mashin ɗina ya shigo layi. Maƙwabta suka fara tambaya ko lafiya. Na gane in dai ina son tsohuwar nan ta ci abinci ta zauna a ɗaki, hannuna ba zai sake taɓa sitikarta ba.

Sai damina ta kawo mini mafita. Wajen Sabon Tasha na faɗa wani rami da ruwa ya rufe, na ƙuje gwiwa, robar gaban mashin ta tsage gida biyu. Ina zaune a cikin taɓo mutane na yi mini sannu, ni kuwa Allah ya gafarta mini, murna nake yi. Sabuwar roba za a sa, tsohuwar robar ta tafi da sitikunta, kuma ba wanda zai ce ni na cire.

Bakanikena wani dattijo ne a Makera, mai farin gemu, shi yake juye mini baƙin mai ya canja bel, ya kuma yi mini faɗa kan ba na wanke filta. Ya zagaya mashin ɗin yana girgiza kai.

"Madam, wannan ba ta ɗinkuwa. Sai sabuwa."

"Malam, sa sabuwa. Fara nake so."

Maganar sitika ban ɗauko ta ba. Da wane baki zan ce wa dattijo Musulmi ya zubar mini da ayoyina? Na bar wa bola ta yi aikinta.

Bayan kwana biyu na koma da rana tsaka, har da ɗan rangaji a tafiyata. Tun daga bakin garejin na hango kurciyar. Sabuwar roba ce kam, sai sheƙi take yi, amma ga sitikun nan gaba ɗaya a kanta, an jera su reras. Dattijon jana'izar nan mai tabarau yana tsakiya.

"Malam! Mene ne wannan?"

Ya goge hannu da tsumma, yana jin daɗin kansa. Wai ruwan zafi ya sa da reza, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya sayo gam mai kyau. Rabin yini ya ci masa. Har haƙuri ya ba ni don kunnen dattijon jikin sitikar ya ɗan yage.

"Ai ban ce ka mayar ba!"

"Ba ki ce in zubar ba. Akwai sunan Allah a jiki, Madam. In jefa a bola, awaki su taka?" Ya dube ni ta saman gira. "Kuma na san ba ke kika manna ba. Wannan hannun tsofaffi ne, kowacce ta kalli gabanta."

Sai ya ɗaga kujerar nasa tsohon babur ɗin. Ga wani ɗan ƙulli na fata ɗaure da zare, ya yi baƙi don tsufa. Ya ce mahaifiyarsa ce ta ɗaura, ya yi ta faɗa mata ba ya son irin waɗannan abubuwa, ba ta ji ba. Yanzu ba ta da rai, shi kuma hannunsa ya ƙi kwancewa.

Na hau mashin ɗina ina ƙunƙuni har gida. Na yi faɗa da mai keke, na yi faɗa da rami, na yi faɗa da kurciya. Mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba, ba masallaci ɗaya ba coci ɗaya, sun haɗa mini kai.

Mama na kan benci. Ta taso da ƙyar, ta shafa sabuwar robar, ta bi sitikun da yatsa.

"Wa ya gyara su haka?"

"Malam ɗin Makera."

Ta ce, "Yana da uwa." Ta ɗauki bencinta da kanta ta shige ciki, ta ce in zubo mata tuwo.

Washegari na tarar da ƙullin citta a rataye a hannun mashin, wai in kai wa Malam. A ƙasan kurciya kuma ga sabuwar sitika, a karkace, da kumburin iska a tsakiya. Na yi tsaki har Mama ta jiyo daga ɗaki. Na sa babban yatsa na murje iskar don kada ruwa ya shiga ya ɗaye ta, sannan na tayar na nufi gada.