'Yar Farina da Kashi na Biyu

A danginmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta shigar masa faɗa, in ana maganarsa sai ta kau da kai kamar zancen ɗan wasu ake yi. Mu jinin Fulani ne. Shanun sun ƙare tun zamanin kakanni, mun zama 'yan gari a Limawa, amma kunyar tana nan daram. Haka 'yata ta fari ta taso ina ce mata "ke", ita kuma tana ce mini Adda, sai ka ce yayarta.

Tana aji huɗu a firamare malamarsu ta ba ta aron wani tsohon littafin yara na Turanci, wanda aka ce duniya ta daɗe da saninsa. Labarin wata yarinya ce da ruwa ya ƙi sauka a garinsu, ta shiga kwalekwale mai tashi sama, ita da wata bushiya sarkin surutu, suka tafi neman birnin da aka kulle ruwan sama a ciki. Littafin nan ya ishe ni. Tana tankaɗe tana karatu, a aike ta niƙa ta tafi da shi a hammata, har na taɓa ƙwacewa na cilla shi saman kwaba. Da ta juya baya na sauko da shi na ajiye inda za ta gani.

Ana nan sai aka yi sanarwa a talabijin cewa an mayar da littafin fim, za a nuna shi kashi biyu, Asabar da Asabar, bayan la'asar. Ranar Asabar ta farko ban aike ta komai ba, ita ta aiki kanta. Ta yi shara, ta wanke kwanuka, ta yi wa ƙannenta wanka, tana ta addu'ar kada a ɗauke wuta. Allah ya amsa mata.

Ni na zauna a bakin ƙofar falo da ɗinkin hulata, na ba talabijin rabin baya. Turancina bai wuce karanta kwalin magani ba. Ita ce ke fassara wa ƙannen, amma da murya sama, alhali yaran babu abin da ya dame su sai bushiya. Na san don wa take ɗaga muryar. Tana fassarawa tana mita.

"A littafi fa ba haka yake ba. Sun cire inda ta yi sallama da kakarta. Mutanen nan, duk wurin da ya yi daɗi sai sun yanke shi!"

Aka tsaya daidai inda yarinyar ta isa ƙofar birnin, ƙofa tana rufewa. 'Yata ta buga tsalle ta ce wayyo, yaushe Asabar za ta zo. Na ce, "Ke, tashi ki hura wuta."

A tsakiyar makon yayar maigidana ta zo daga ƙauyensu can bayan Buji. Goggon yara ke nan. Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma tun ranar sunan yarinyar maigidana ya ɗora ta a cinyarta ya ce, "Yaya, ga 'yarki." Kowa ya ji, kowa ya sa albarka, ni ma ina ɗaki na ji. Goggo ta yi haƙuri shekara da shekaru, yanzu gwiwa ta matsa mata, ta zo ɗaukar riƙonta. Ba muguwa ba ce, wallahi. Har atamfa ta kawo wa yarinyar, ta kuma riga ta yi magana da makarantar can. Ranar Alhamis za su koma. Ƙauyen kuwa ko turken wuta bai kai shi ba.

Ban isa in ce a'a ba, ban ma yi mafarkin hakan ba. Abin da nake so ƙanƙane ne: a bari sai Lahadi. Amma uwa ta buɗe baki ta nema wa 'yar fari alfarma a gaban surukai? Da an yi ta ba da labarina a gidajen biki har in tsufa. Surukata, wadda muke kira Inna, ta waiwayo don cika al'ada ta ce, "Ke kina da magana?"

Na ce, "Ni ina ruwana, Inna? Ai 'yarku ce."

Na samu maigidana a ɗaki na kewaya na kewaya, na ce, "Malam, da an bari ta ɗan kammala makon nan." Ya murza hularsa, sannan ya ce, "Yaya ce fa. Da wane baki zan ce mata ta jira, kuma saboda fim?" Raina ya ɓaci ƙwarai. Na fito ina huci, na rasa wanda zan sauke wa, sai tukunya ce ta sha kankara.

Ranar Laraba yarinyar ta same ni a kicin. Goggo na zaune a tabarma a tsakar gida, duk abin da muka ce a kunnenta. Yarinyar ta matso ta rage murya.

"Adda, ki ce wa Goggo sai Lahadi. Ke za ta ji maganarki."

Na ce, "Miƙo min ludayi."

Ta miƙo. Ta tsaya tana kallona, ni kuma ina kallon miya. Washegari da safe ta je ta mayar wa malamarsu littafi, da hantsi adaidaita ta kwashe su zuwa tasha. Inna da yara suka raka su ƙofar gida. Ni ina ɗaki, don uwar 'yar fari ba ta rakiya.

Da Asabar ta zo, ni na kunna talabijin da hannuna, na zauna gaba da gaba. Ƙannen suna ta ja mini zane, me ta ce, me bushiyar ta ce, ni kuwa ban sani ba. Hotuna kawai nake bi. Na ga an buɗe birnin, na ga ruwa ya kece. Can sai ga kwalekwalen ya sauka a garinsu, ga uwar yarinyar ta fito a guje cikin ruwa, ba mayafi, tana ƙwala kiran sunan 'yarta. Wannan kam ba na bukatar mai fassara. Ta rungume ta a gaban duk mutanen gari, ba wanda ya ce mata kanzil. Na tashi na zagaya bayan ɗaki na yi kukana, na wanke fuska a randa na dawo.

Bayan magariba Goggo ta kira wayar Inna. Inna ba ta iya kara waya a kunne ba, a buɗe take sa ta, kowa yana ji. Suka gaisa, aka tambayi gwiwa, sannan Goggo ta ce ga 'yar gidanta. Yarinyar ta gaida Inna, ta gaida babanta. Sai ta ce:

"Inna, ki tambayi Adda, sun nuna inda ta koma gida, ko shi ma sun yanke?"

Inna ta miƙo wayar saitin bakina. Malam yana kallona, yara suna kallona. Sunanta ya zo mini har kan harshe, na haɗiye shi.

Na ce, "Inna, ki ce mata sun nuna."