Matakalar Odell Pettway

Shekara goma sha ɗaya Odell Pettway ya yi yana zuwa ɗibar jini ranar Talatar farko ta kowane wata, a wani ƙaramin asibiti mai hawa huɗu a Memphis. Ranar yakan rufe injin gugarsa a shagon wankin kaya da ƙarfe biyu, ya hau bas, ya iso uku saura kwata. Ba ya shiga lif. Yakan bi ta ƙofar baya, ya haye matakala da gudu har sama, ya sauko, ya sake hawa, sau uku. Daga nan sai ya goge zufa a banɗaki, ya miƙa wa Misis Hairston hannu, nas ɗin da ke ɗibar jinin.

"Mista Pettway, kullum kana haki. Wace ce take korar ka?"

"Ke nake gudun kada ki tashi aiki ban gan ki ba."

Tun yana shekara ashirin da huɗu yake jin muryoyin da ba kowa ke jin su ba sai shi. An gwada masa magani shida, na bakwai ne kaɗai ya rufe musu baki. Amma maganin yana da sharaɗi: a jikin wasu mutane yana cinye fararen ƙwayoyin jini, don haka babu takardar gwaji, babu ƙwaya.

Odell ya haddace takardar nan. Ya san layuka biyar ɗin da ke ƙasanta, kowanne da irin fararen ƙwayoyin da yake ƙirgawa. Ya san limfosait su ne masu riƙe kamannin cutar da suka taɓa haɗuwa da ita, ya san akwai masu kama tsutsar ciki da masu share gawa bayan an gama faɗa. Duk ba su dame shi ba. Idonsa yana kan layin farko, niyutirofil, waɗanda ke fara isa wurin ciwo su haɗiye ƙwayar cuta, su mutu a can su zama mugunya. In suka gaza dubu, a tsayar da magani.

An taɓa tsayar masa sau ɗaya, a shekara ta biyu. Kwana tara. A rana ta shida yayarsa Verlene, wadda yake zaune a gidanta, ta same shi ya naɗe rediyon kicin da bargo yana roƙon sa ya yi shiru, alhali ba a kunne yake ba. Bayan ya fito daga asibiti ne wani mara lafiya ya raɗa masa a ɗakin jira cewa rabin ƙwayoyin nan a manne suke da bangon jijiya, in mutum ya yi gudu sai su saki su shiga jini. Daga ranar ya fara hawan matakala, lambarsa ba ta sake sauka ƙasa da dubu ɗaya da ɗari shida ba.

Talatar farko ta watan Maris, 2017, ya tashi da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi. Waɗannan biyun ne aka rubuta da jan biro a jikin kwalin maganin: in ka ji su, ka zo nan take. Verlene ta taɓa goshinsa, ta ɗauki makullin mota.

Da suka isa asibitin, a gindin matakalar ya tsaya. Ta dube shi, ta dubi matakalar, ta dubi takalmin gudun da ke ƙafarsa.

"Dell, me kake yi a nan duk wata?"

Ya gaya mata.

"Wato shekara tara kana yi wa jininka kwalliya."

"Yaya, ba ki san abin da muryoyin nan suke ce mini ba."

"Ni na kwance bargon nan daga rediyo, kar ka gaya mini. Amma in babu komai a jinin naka fa? Ka hau, su ba ka ƙwayarka, ranar Asabar in saya maka kwat ɗin shiga akwatin gawa?"

Ya sa ƙafa a mataki na farko. Maƙogwaron yana masa zafi kamar ya haɗiyi ƙaya. Ya daɗe a haka, sannan ya sauke ƙafar ya bi ta zuwa lif.

Sakamakon ya fito: ɗari tara da arba'in. Watan da ya wuce dubu ɗaya da ɗari takwas ne. Likita ta jera takardun biyu a tebur, fuskarta ta canja, ta ce irin wannan faɗuwar a wata ɗaya ba abin wasa ba ce, a tsayar da magani daga yau. Odell ya ce ba faɗuwa ba ce, ya ba ta labarin matakala. Ta ce ko da gaskiya ne, shi da kansa ya goge shaidar. Babu lamba ɗaya a fayil ɗin da za ta nuna mata yadda jininsa yake in ba a tayar da shi ba.

Ranar Laraba bai je aiki ba. Ranar Alhamis ya ce wa Verlene ta fitar da rediyon daga gidan. Ta kai shi but ɗin mota, ta dawo ta zazzage gwangwanin biskit ɗin da mahaifiyarsu ke ajiye tsofaffin takardu a ciki a kan gado. Can ƙasa, tsakanin katin baftisma da hotunan makaranta, ta sami takardar gwajin da aka yi masa lokacin da zai fara aiki a masana'antar taya, yana da shekara goma sha tara, lafiyarsa lau, bai taɓa shan maganin komai ba. Dubu ɗaya da hamsin.

Likitan jini ya karanta ta ranar Juma'a, ya ƙara nasa gwajin. Ya ce akwai baƙaƙen fata da yawa da aka haifa da ƙaramar lamba, kuma ƙwayoyin nasu suna aikinsu daidai. Ciwon maƙogwaron mura ce. Aka sauke masa iyakar tsayar da magani daga dubu zuwa ɗari biyar. Ranar Litinin aka mayar da shi kan maganin, daga ƙaramin awo, bayan kwana shida. Sai da aka yi mako uku kafin firiji ya daina kiran sunansa.

Yanzu lif yake shiga. Misis Hairston ta ce ya tsufa, ya daina haki saboda ita. Yakan yi dariya, ya karɓi takardarsa, ya tsaya a bakin ƙofa ya karanta layin farko sau biyu. Takalmin gudun yana cikin jakarsa har yau, a naɗe cikin leda.