Yadda Auna Abinci Ya Watsa Mana Ciyayya

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Ni dattijo ne a wata unguwa a Dutse. Na yi shekaru ina tuƙi a ƙaramar hukuma kafin na yi ritaya na koma sayar da hatsi. Bokona bai wuce firamare ba, amma ina ɗan tsintar Turanci. A lokacin da abin nan ya faru ni mutum ne mai jiki, mai son tuwo, mai son jama'a. Na rubuto ne don abin ya daɗe yana cin raina, kuma wanda ya kamata in roƙa gafara ba ya duniya.

A layinmu muna da ciyayya tun muna sabbin magidanta. Bayan magariba kowa zai sa a fito da kwanonsa ƙofar gidana, a shimfiɗa tabarma, a haɗa kwanukan a tsakiya, a ci ana hira har a kira isha'i. A cikinmu akwai aminina, wani tela da ya ɗan girme ni, Malam nake ce masa. Idonsa ya yi rauni har ya daina ganin kafar allura, ɗinki ya tsaya. Kwanonsa ya koma fitowa da ɗan tuwo, wata rana ma gaya ba miya. Duk mun gani, ba wanda ya taɓa furtawa. Kwanon gidana ne babba, kuma mai ɗakina da gangan take cika shi fiye da cinmu. In an tashi sai a juye ragowar a kwanon Malam a rufe, ya shiga da shi wurin iyalinsa da jikokinsa marayu. Da haka asirin gidansa yake rufe, kuma na san da haka sarai.

Sai jiri da yawan fitsari suka kai ni asibiti, aka ce ciwon sukari ne da hawan jini. Likita ya ce in rage tuwo da zaƙi, in yawaita ganye, in riƙa tafiyar ƙasa. Iyakar abin da ya ce ke nan. Amma na tsorata ƙwarai, domin ciwon nan ne ya sa aka yanke wa wani ɗan'uwana ƙafa. Da 'yata ta zo hutu ta ga halin da nake ciki, sai ta buɗe mini wani shafi a waya. Za ka rubuta sunan abinci da nauyinsa, ya faɗa maka kalori nawa ne a ciki, wato yawan ƙarfin da yake ba jiki. Yana tara maka na yini, in ka wuce iyaka lambar ta koma ja. Ta sayo mini ɗan sikeli na ɗora faranti. Ita taimako ta yi niyya, Allah ya sani.

Shafin ya san shinkafa da ƙwai da kabeji da burodi. Amma in na rubuta tuwon dawa ko miyar kuka ko dambu, ko dai ya ce babu, ko ya kawo mini wani abincin da ban taɓa gani ba. A hankali duk abin da shafin bai sani ba sai ya koma mini kamar guba. A wurin ciyayya kuwa hannuwa da yawa ne a kwano ɗaya, ba yadda za ka auna loma. Na gwada ƙirga lomomina a zuci, hira ta ɗauke ni in manta. Abokai suka gane, tsiya ta tashi. Wani mahauci a cikinmu ya ce saura kaɗan Alhaji ya zo da sirinji ya riƙa zuƙar miya. Wani ya tambaye ni wai ni ne mai ciwon ko wayar, don ya ga ita ake fara ba abinci. Malam yana dariya ya ce su ƙyale masa ƙani, ya turo mini kwanon da yake da zogale. Ni ma na yi dariya, amma ina shiga gida sai na rasa abin da zan rubuta a wayar.

Daga nan na yi ƙaryar da ta ja mini komai. Na ce musu likita ya hana ni cin duk abincin da ba a auna ba, na daina fitowa. Mai ɗakina ta roƙe ni in bari kwanon ya ci gaba da fita ko ba ni. Na ce a daina tuƙa tuwo mai yawa a gidan nan, ƙamshinsa yana karya mini zuciya. Ta ce Alhaji, marayun gidan Malam fa? Na ce zan san yadda zan yi. Abin da na yi shi ne na aika masa da hatsi sau ɗaya a buhu, da rana tsaka. Ya karɓa ya yi godiya, amma daga ranar ya daina tsayawa mu gaisa sosai a masallaci. Abin da ake ci a tabarma zumunci ne, wanda aka aiko a buhu kuwa sadaka ce, kuma duk layin sun gani. Kunya ta hana ni sakewa. Da babban kwano ya ɓace, ga tsadar abinci, sai mutane suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya, har tabarmar ta daina fitowa.

Ni kuwa na shiga wani irin ɗauri da ban san yadda zan kwatanta ba. Da lambar nake tashi, da ita nake yini. Ba na cin komai a suna ko ɗaurin aure. Na taɓa mayar wa mai ɗakina da faranti don ta zuba mai ba ta auna ba, matar da ta yi shekaru tana ciyar da ni, ta juya tana share hawaye. Na rame, mutane suna yaba mini, ni kuwa ba na jin daɗin komai. Sau da yawa nakan ce gobe zan ajiye wayar in fitar da tabarma. Gobe ta yi, in tuna ƙafar ɗan'uwana, in ɗauko sikeli.

Wata rana bayan magariba ina zaure da farantina, dafaffen ƙwai da wake da kabeji, na riga na auna na shigar a waya. Sai na ji sallamar Malam, yana laluben bango da sandarsa. Abin da ya fara zuwa raina shi ne in ya sa hannu lissafin ya ɓaci. Na jawo faifai na rufe farantin. Ido ne ba shi da shi, amma hancinsa da kunnensa lafiya lau. Ya zauna, ya tambayi jikina, ya tambayi iyali. Na ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Kalma ɗaya ce ta rage in faɗa, bismillah, wadda ko baƙon da ban sani ba nake faɗa wa, amma bakina ya ƙi buɗewa. Ya ɗan jima, ya ce dama gaisuwa ce ta kawo shi, ya yi mini addu'ar samun sauƙi, ya tashi. Na ci abincin nan bayan ya fita, na cinye tas, don lambar ta yi daidai.

Ba a daɗe ba 'yarsa da ke aure a wani ƙauye wajen Ringim ta zo ta kwashe su. Na ji labarin yana kwance, na yi ta cewa zan je dubiya. Abin da yake tsayar da ni, wallahi, shi ne in na je za a kawo mini fura ko tuwo, ba zan iya ƙi ba, ba kuma zan iya aunawa ba. Ina wannan jinkirin aka bugo aka ce ya rasu.

A wurin ta'aziyya matarsa ta sa aka kira ni bakin ƙofa. Na zaci gori za ta yi mini, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi. Sai ta ce Malam bai taɓa barin a zage ni a gabansa ba. In mutane suka ce Alhaji ya yi rowa ya guje su, yakan ce su ji tsoron Allah, likita ne ya ɗaure ni, kuma mai ciwo ba ya da zaɓi. Ta ce har ya kwanta ciwo yana sa ni a addu'a. Ya koma ga Allah yana kare ni da ƙaryar da na yi masa.

Da na koma asibiti na faɗa wa wata ma'aikaciya yadda nake yi, ta riƙe baki. Ta ce ba wanda ya ce in bar cin abinci da mutane. Ta ce in ɗan ci tuwon, in cika da miya da ganye, in sha maganina. Haka nake yi yanzu, kuma jikina bai ƙi ba. Na sake fitar da tabarma, amma mutum biyu ne suke zuwa, wata rana ba kowa.

Ban ce shafin nan mugun abu ba ne, akwai waɗanda ya taimaka. Amma bai san tuwonmu ba, bai kuma san waye yake jiran ragowar kwanona ba. Ni ne na sani, na bar tsoro ya rufe mini ido. Duk wanda ciwo ya sa shi lura da cinsa, ya tambayi likita da kyau, kada ya ƙara wa kansa dokar da ba a sa masa ba. Kafin ya janye kwanonsa daga cikin mutane, ya duba waye yake ci a ciki. Masu karatu, ku sa Malam a addu'a, ni kuma ku roƙa mini gafarar Allah, don tasa gafarar na makara.